Hutun Da Ke Haifar Da Riba: Darasi Daga Sansanonin Sana'ar Hannu

A kowace shekara, da zarar lokacin zafi ya kama a ƙasar Amurka, wato daga watan Yuni zuwa ƙarshen Agusta, ɗaruruwan mutane kan ajiye ayyukansu su nufi wani tsibiri mai suna Deer Isle da ke jihar Maine, a arewa maso gabashin ƙasar, domin su yi mako ɗaya ko biyu suna koyon ƙira, ko saƙa, ko ginin tukwane, ko sassaƙa. Makarantar da ke karɓarsu, wadda ake kira Haystack, ba ta yin jarrabawa, ba ta kuma ba da takardar shaidar kammala karatu. Wanda duk ya je, in ba ya sami tallafi ba, shi ne zai biya kuɗin koyarwa da na masauki da na abinci daga aljihunsa.

Ga ɗan kasuwar da ya saba auna yininsa da cinikin da ya shigo, wannan al'amari ne mai ɗaure kai, domin a lissafinsa asara biyu aka yi: ga kuɗin da aka kashe, ga kuma cinikin da ya wuce yayin da mai dukiya ba ya nan. Sai dai tarihin irin waɗannan sansanoni, tare da binciken da masana suka gudanar a kan sa'o'in aiki da yadda basira ke zuwa wa ɗan Adam, sun nuna cewa lissafin bai tsaya a nan ba. Hutun da aka tsara shi da kyau wani nau'i ne na zuba jari, kuma kamar kowane jari, yana da sharuɗɗan da sai an cika su yake ba da riba.

Asalin sansanonin

Neman abinci ne ya haifar da waɗannan makarantu tun farko. A shekarar 1923 wata malama mai suna Lucy Morgan ta fara raba wa matan ƙauyen Penland, a cikin tsaunukan jihar Karolina ta Arewa, masaƙa da zare, suna saƙa a gidajensu ita kuma tana nema musu kasuwa, saboda su sami abin rufin asiri a yankin da talauci ya yi wa katutu. A shekarar 1929 aka gayyato wani gwanin saƙa mai suna Edward Worst ya koyar a lokacin zafi, baƙi daga wasu garuruwa suka zo ɗaukar darasi, kuma daga wannan zama ne makarantar Penland ta samo asali.

Ita kuwa Haystack an kafa ta ne a shekarar 1950 a garin Montville na jihar Maine, aka mayar da ita tsibirin Deer Isle a shekarar 1961. Wani mai zanen gine-gine, Edward Larrabee Barnes, shi ya tsara mata ɗakunan katako a kan gangaren dutse da ke fuskantar teku, da matakala guda doguwa da ta ratsa tsakiyarsu har zuwa bakin ruwa. Makarantar ba ta da malamai na dindindin. Kowane zango akan gayyato gwanaye daga wurare daban-daban su koyar, su kuma kwana su ci abinci tare da ɗalibansu. Ɗakunan aiki a buɗe suke dare da rana, kuma a aji ɗaya akan sami wanda ya shekara talatin yana sana'ar tare da wanda bai taɓa riƙe guduma ba. A shekarar 2011 makarantar ta buɗe ɗakin ƙere-ƙere da na'urori masu aiki da kwamfuta, tare da haɗin gwiwar cibiyar fasaha ta MIT, ta yadda maƙeri da injiniya kan iya zama a kan aiki ɗaya.

Babban abin da irin wannan wuri ke bai wa mai sana'a shi ne damar ɓata kaya ba tare da an yi masa lissafin asara ba. A shago ko a masana'anta, duk gwajin da bai yi nasara ba kuɗi ne ya salwanta, ga kuma mai kaya yana jira, saboda haka mai sana'a kan tsaya a kan abin da ya riga ya iya. Misalin da ake yawan kawowa shi ne na Buckminster Fuller, wanda a zangon zafi na shekarar 1948, a kwalejin Black Mountain da ke jihar Karolina ta Arewa, ya haɗu da ɗalibai suka gwada tayar da wata ƙubba da siraran ƙarafan labulen taga, ƙubbar ta ƙi miƙewa, ta kwanta a ƙasa. Ya sake komawa a shekarar 1949 da wani tsarin, aka tayar da ita. Irin wannan gini ne daga baya aka yi amfani da shi wajen rumfar Amurka a bikin baje kolin duniya na birnin Montreal a shekarar 1967.

Daga Maine zuwa jihar Delta

Wannan tsari yana da reshe a Nijeriya, kuma ta hannun wani tsohon ɗalibin Zariya ya iso. Bruce Onobrakpeya, fitaccen mai zane da ɗab'in hotuna wanda aka haifa a shekarar 1932, ya shiga Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya a shekarar 1957, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, yana kuma cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a shekarar 1958. A cikin shekarun 1960 ya halarci gajerun tarurrukan horo da Ulli Beier ya shirya a Ibadan da Oshogbo, sa'an nan a shekarar 1975 ya je Haystack.

Tarurrukan na Oshogbo kansu hujja ne a kan abin da 'yan kwanaki kan iya yi wa rayuwar mutum. A zaman da Georgina Beier ta jagoranta a shekarar 1964, an tara matasan da ba su taɓa karatun zane ba aka ba su fenti da takarda. Daga cikinsu akwai Jimoh Buraimoh, wanda aikin lantarki yake yi wa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Duro Ladipo, ya kuma zama wanda ya shahara wajen yin zane da duwatsun ado. Akwai kuma Twins Seven-Seven da Muraina Oyelami, waɗanda ayyukansu suka shiga kasuwannin Turai da Amurka.

Abin da Onobrakpeya ya gani a waɗannan wurare shi ya ɗauko ya dasa a mahaifarsa, Agbarha-Otor, kusa da Ughelli a jihar Delta, inda a shekarar 1998 ya fara taron horo na shekara-shekara da ya laƙaba wa sunan hunturu. Maimakon lokacin zafi irin na Turawa, ya zaɓi farkon shekara, lokacin rani, sa'ad da ruwan sama ya ɗauke a yankin har akan iya aiki a fili. Mahalarta kan zauna wuri ɗaya na tsawon makonni biyu, malaman jami'a da ɗalibai da masu sana'ar da ba su yi boko ba, suna aikin zane, da ɗab'i, da sassaƙar dutse da ta itace, da aikin ƙarfe, da rini, da ginin yumɓu. Wannan ya nuna cewa tsarin ba ya bukatar teku ko sanyin Maine. Abin da yake bukata shi ne wurin keɓewa, da kayan aiki, da gwanayen da suka yarda su zauna tare da masu koyo.

Abin da bincike ya gano

Tun a shekarar 1926 wani masani ɗan Ingila, Graham Wallas, ya kasa yadda sabon tunani ke zuwa gida huɗu: shiri, wato tattara bayanai da fafatawa da matsala, sai ajiyewa, lokacin da mutum ya kau da kai daga gare ta, sai buɗi, sa'ad da mafita ta faɗo, daga ƙarshe kuma tantancewa. Ya dogara ne, a wani ɓangare, da labarin masanin lissafi na Faransa, Henri Poincaré, wanda ya bayyana cewa mafitar wata matsala da ya daɗe yana fama da ita ta zo masa ne a daidai lokacin da yake hawa karusar haya a garin Coutances, a cikin wata tafiya da ba ta da alaƙa da lissafi.

Masana na baya-bayan nan sun gwada wannan magana a ɗakunan bincike. A shekarar 2004 wasu masana a jami'ar Lübeck ta ƙasar Jamus sun ba mutane wani aikin lissafi mai ɓoyayyiyar gajeriyar hanya; waɗanda suka yi barcin sa'o'i takwas kafin a sake gwada su, adadin waɗanda suka gano hanyar a cikinsu ya ninka na waɗanda ba su yi barci ba fiye da sau biyu. A shekarar 2014 Marily Oppezzo da Daniel Schwartz na Jami'ar Stanford sun gano cewa tafiya da ƙafa kan ƙara yawan sababbin dabarun da mutum ke kawowa da kimanin kashi 60 cikin ɗari in an kwatanta da zama, amma ba ta taimaka ba a kan tambayoyin da amsarsu guda ɗaya ce tak.

Binciken da ya fi dacewa da batun sansanoni shi ne wanda Benjamin Baird da abokan aikinsa suka buga a shekarar 2012 daga Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara. An ba ɗalibai aikin kawo hanyoyi daban-daban na amfani da wani abu na yau da kullum, kamar tubali, sa'an nan aka raba su: wasu aka ba su aiki mai wuya na minti 12, wasu aiki mai sauƙi, wasu aka ce su zauna haka nan, wasu kuma ba a ba su hutu ba. Waɗanda suka yi aiki mai sauƙi ne kaɗai suka sami ci gaba sosai, na kimanin kashi 40 cikin ɗari. Abin lura kuma, ci gaban ya tsaya ne a kan tambayoyin da suka riga suka fafata da su kafin hutun; a kan sababbin tambayoyi babu wani bambanci.

Darussa biyu ne a nan ga ɗan kasuwa. Na farko, zama kurum ba shi ne hutun da ya fi amfani ba. Wanda ya fi shi ne wanda hannu ke aiki, hankali kuma yana da sararin yawo, kuma a iya cewa saƙa da murza yumɓu suna daga cikin ayyukan da ke ba da irin wannan sarari da zarar hannu ya saba. Na biyu, hutu ba ya maye gurbin wahala. Wanda bai taɓa kwana da matsalar farashi ko ta bashi a ransa ba, babu mafitar da za ta faɗo masa a bakin maƙera.

Lissafin sa'o'in aiki

Ta fuskar tattalin arziki, akwai sananniyar ƙa'ida da ke cewa idan aka yi ta ƙara wani abu ɗaya a cikin aiki alhali sauran suna nan yadda suke, amfanin kowane ƙari yakan yi ta raguwa. Manomi ya san buhun taki na goma ba ya ba da abin da na farko ya bayar. Haka sa'o'in aikin ɗan Adam suke. A shekarar 2014 masanin tattalin arziki John Pencavel na Jami'ar Stanford ya sake nazarin alkaluman masana'antun harsasai na Birtaniya a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda akasarin ma'aikata mata ne. Ya gano cewa har zuwa kimanin sa'o'i 49 a mako, yawan kayan da aka ƙera yana tafiya daidai da sa'o'in da aka yi. Daga nan sai ƙarin ya fara ja da baya, har ta kai abin da aka samar a sa'o'i 70 bai wani bambanta da na sa'o'i 56 ba. Ya kuma gano cewa rashin ranar hutu a mako yana rage yawan aiki da kimanin kashi 10 cikin ɗari, ko da jimillar sa'o'in ɗaya ce.

Akwai kuma lissafin lafiya. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da rahoton da ya ƙiyasta cewa mutane 745,000 ne suka mutu a shekarar 2016 sakamakon shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya masu alaƙa da yin aikin sa'o'i 55 ko fiye a mako. Rahoton ya ce irin wannan aiki yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari, in an kwatanta da masu yin sa'o'i 35 zuwa 40. Ɗan kasuwar da ke buɗe shago da hantsi ya rufe bayan Isha'i, kwana bakwai a mako, ya zarce wannan iyaka nesa ba kusa ba.

Wasu kamfanoni sun daɗe da sanya wannan a cikin tsarinsu. A shekarar 1926 Henry Ford ya mayar da masana'antunsa na motoci kan aikin kwana biyar, sa'o'i 40 a mako. A shekarar 1948 kamfanin 3M ya ba masu bincikensa izinin amfani da kashi 15 cikin ɗari na lokacin aikinsu a kan abin da ransu ya so. A wannan kamfani ne Spencer Silver ya haɗa wani danƙo mara ƙarfi a shekarar 1968 wanda aka rasa abin yi da shi, har sai a shekarar 1974 da abokin aikinsa Art Fry, yana cikin ƙungiyar mawaƙan cocinsu, ya gaji da yadda 'yan takardun da yake sa alama da su ke zubewa daga littafi, ya tuna da danƙon. Sakamakon shi ne 'yan takardun liƙawa na Post-it, waɗanda aka baza a kasuwannin Amurka a shekarar 1980. Haka nan Stefan Sagmeister, mai zanen tallace-tallace a birnin New York, ya rufe ofishinsa na shekara guda cur a shekarar 2000, ya sake yin haka a shekarar 2008 ya tafi tsibirin Bali na Indunusiya, ya kuma bayyana cewa ayyukan da ya sayar a shekarun da suka biyo baya daga gwaje-gwajen lokacin hutun suka tsiro.

Wa zai biya?

Duk da haka, wajibi ne a faɗi gaskiya cewa hutu yana da tsada, kuma ba kowa ke da halinsa ba. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ba ma'aikaci akalla makonni huɗu na hutu da albashi a shekara, a Faransa ma biyar ne tun shekarar 1982. A Amurka babu dokar tarayya da ta tilasta wa kamfani ba da hutu da albashi, abin da ya sa makarantu irin su Haystack da Penland ke ba da tallafi, ko su bar ɗalibi ya yi aikin ɗakin girki a madadin wani ɓangare na kuɗin. A Nijeriya dokar ƙwadago ta tanadi akalla kwanakin aiki shida na hutu da albashi ga wanda ya yi watanni 12 a jere yana aiki. Amma mafi yawan masu neman abinci a ƙasar nan kansu suke yi wa aiki, kuma tela ko maƙeri ko mai shagon kayan masarufi babu wanda zai biya shi ranar da bai fito ba. Tsoronsa shi ne abin da Hausawa ke cewa, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Wannan tsoro yana da tushe, sai dai yana tona wani rauni da ya fi rashin hutu haɗari. Kasuwancin da ba zai iya yin kwana goma sha huɗu ba tare da mai shi ba, to ba zai iya jure jinyarsa ba, balle rasuwarsa. Irin wannan ne ake ganin ya watse da zarar an raba gado, saboda lissafin bashi da sunayen dillalai da sirrin farashi duk a kan mutum ɗaya suke. Tafiyar da aka shirya mata hanya ce mai arha ta gwada ƙarfin gida: tana tilasta wa mai dukiya ya rubuta abin da yake bi da abin da ake binsa, ya wakilta wani da iyakar ikonsa a fili, ya kuma ga inda aka yi tuntuɓe tun yana da ran gyarawa. Alhazan da suka taɓa barin harkokinsu na makonni domin sauke farali sun san wannan shiri, sun kuma san abin da yakan bayyana game da yaran shago.

Har ila yau, ana iya rage tsadar ta hanyar zaɓen lokaci, kamar yadda aka yi a Agbarha-Otor. Kowace sana'a tana da lokacin da kasuwarta ke yin sanyi: tela bayan Sallah, mai sayar da kayan gini a tsakiyar damina, mai harkar littattafai bayan an koma makaranta. A irin wannan lokaci cinikin da za a rasa kaɗan ne, don haka farashin hutun ya faɗi. Wannan ma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, inda tun da can manomi kan ajiye fartanya bayan girbi ya koma kan masaƙa, ko karofi, ko dukanci, har damina ta kewayo. Abinci yake nema, amma sauyin aikin kansa yana hutar da jiki da tunani.

Abin da ya rage shi ne tsari. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu sana'a, waɗanda suka saba haɗa kuɗi domin biki da jaje, suna da ikon shirya zaman mako guda a lokacin hutun makarantu, sa'ad da ɗakunan kwana da ɗakunan aiki na kwalejojin fasaha suke zaune babu kowa, su gayyato gwanayen rini da jima da ƙira su zauna tare da masu ɗinki na zamani da masu sarrafa fata da masu fitar da kaya ƙasashen waje. Penland da masaƙa kaɗan ta fara, Oshogbo kuma da fenti da takarda. Mai masana'antar da ya tura ƙwararren ma'aikacinsa irin wannan zama, ya kamata ya rubuta kuɗin a babin horo da bincike, ya kuma auna abin da ya biyo baya a cikin watanni shida ko shekara, kamar yadda zai auna ribar sabon inji. Magabata sun riga sun faɗa cewa ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.